Lemar da Direba Bai Taɓa Riƙewa Ba

Akwai wata baiwar Allah da kowa ke kira Amarya, duk da ta shekara biyu da rabi a gidan miji. Kunya ce ta sa sunan ya manne mata. Har yau in baƙo ya yi sallama, sai ta ja mayafi ta sunkuyar da kai kamar jiya aka kawo ta.

Mijinta mai gyaran firij ne. Da safe yake rataya jakar kayan aiki ya fita, sai gab da magariba ya dawo, hannunsa na warin man inji. Gidan ɗaki biyu ne da falo. Ɗaya nasu, ɗaya na mahaifiyarsa, wadda suke kira Umma.

Umma tsohuwar malamar firamare ce, shekara talatin da ɗaya tana riƙe da alli. Ba ta da abin alfahari a duniya kamar ƙwaƙwalwarta. Lambobin wayar 'ya'yanta da na jikoki duk a ka suke. Tsohon ɗalibi zai zo gaishe ta da furfura a gemu, daga jin murya ta ce, "Kai ne na benci na uku, mai tauna gindin fensir."

Sai dai ciwon yanar ido ya rufe mata ido biyu. Haske take gani da inuwa, shi ke nan. An ce za a yi mata aiki, amma sai sukarinta ya sauka tukuna.

Duk da haka makullan gida a haɓar zaninta suke ɗaure. Magani ma da kanta take sha. Da yatsa ta san kowace ƙwaya: mai tsaga a tsakiya ta safe, doguwar ta rana, 'yar mitsitsiyar ta bayan cin abincin yamma.

Kullum ƙarfe huɗu da rabi, ban da Asabar da Lahadi, akwai wani dogon shiri na ƙasar waje da aka fassara, ana sa shi a talabijin. Labarin wani attajiri ne da 'yarsa, da wani likita da take so, da direban gidan. Umma ba ta wasa da shirin nan. Magana tana ji da kunnenta. Amma irin waɗannan shirye-shirye rabinsu ba magana ba ne. Kiɗa zai ɗauka, wannan ya kalli wancan, wancan ya kalli ƙofa, a nuna hannu, a nuna takarda.

A nan aikin Amarya yake. Ta zauna a ƙasa gefen kujerar Umma, duk inda aka yi shiru ta faɗa mata abin da ke faruwa.

"Ke ce idona," in ji Umma. "Abin da kika gani shi na gani."

Amarya ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, amma shirin nan ya ishe ta. Mace ta yi minti biyar tana saukowa daga bene hawa ɗaya. A mari mutum sau ɗaya, a nuna marin sau uku, kowanne da tsawa. 'Yar attajirin kuwa daga kuka sai kuka, kuma kwallinta ko gezau.

Ita abin da ya shiga ranta wani gem ne, wato wasan waya, na soyayya da ƙanwarta ta sa mata a waya. Da Turanci yake, ita kuma a aji uku na sakandare ta tsaya, amma da hotuna da 'yan kalmomin da ta sani take lallaɓawa. A cikinsa ke ce wata yarinya mai aiki a shagon littattafai, samari uku suna nemanki. Ana cikin labari sai komai ya tsaya. A fito miki da amsa uku, a jira ki zaɓa.

Jiran nan shi ya kama ta. A gidansu ita ce ta shida cikin tara, ba a taɓa dakatar da zance don a ji ta bakinta ba. A nan kuwa, ko awa ta yi tana tunani, saurayin yana nan tsaye da murmushinsa, ba ya ƙosawa.

Ta taɓa yi wa Umma bayaninsa sau ɗaya. Umma ta yi dariya har da tari.

"Yanzu ki zauna kina soyayya da zane? Mutumin da ba ya gumi, ba ya atishawa? Namu ko ba komai mutane ne masu jini. Ni dai kar ɗana ya ji an yi masa abokin takara da fenti."

Amarya ta rufe fuska da mayafi tana dariya. Daga ranar ba ta sake ɗauko zancen ba.

Matsalar ɗaya ce. Gem ɗin yana buɗe sabon babi kyauta sau ɗaya a rana, daga ƙarfe huɗu da rabi zuwa biyar. In lokacin ya wuce, sai gobe. Daidai lokacin shirin Umma.

Da farko sai an shiga talla take taɓa wayar. Daga baya ta koma ɗora ta a cinya, ta kashe sauti, ido ɗaya nan, ɗaya can. Daga baya kuma idon biyu suka koma cinya.

Wata Talata kiɗa ya ɗauka a talabijin, ga ƙarar ruwan sama.

"Ruwa nake ji," in ji Umma. "Wa ke waje?"

Amarya ta ɗaga kai sau ɗaya. Ta hango direba da 'yar attajiri a gefen mota. Ta mayar da kai, don a wayarta an fito da amsa uku.

"Direba ne da yarinyar."

"Me yake yi?"

Ba ta gani ba. Kunyar ta ce ba ta gani ba ta kama ta. Sai bakinta ya ɗauko hoton da gem ya ba ta jiya.

"Lema ya riƙe mata. Shi kafaɗarsa ta hagu tana jiƙewa."

Umma ta buga cinya. "Na faɗa! Yaron nan yana da zuciya. Ki ji yadda yake cewa 'ranki ya daɗe', ai ba na ma'aikaci kawai ba ne."

Murnar da Umma ta yi ita ta rufe wa Amarya baki. Ta ce a ranta, lema ce kawai, wa ta cuta?

Washegari da aka sake yin shiru, bakin ya riga ya san hanya. Direba ya sa busasshen fure a cikin littafin yarinyar. Wata ranar ya tsinci shuɗin gyalenta da iska ta ɗauke, ya ninke ya sa a aljihun ƙirji. Duk abin da saurayin gem ya yi, Amarya ta ɗauka ta ɗora wa direba.

Kuma ba abin da ya tona ta, domin direban nan bakinsa zuma ne. A cikin shirin ba wanda ya gane shi tukuna. Duk abin da yake yi, a cikin shirun nan yake yinsa, mai kallo kaɗai ke gani.

Mako uku ana haka. Umma ta ƙara son shirin. Har cewa take, "Ki rubuta ki ajiye, likitan nan ɗan rakiya ne. Direba zai aure ta."

Ran wata Asabar da hantsi aka yi baƙi biyu. Ɗaya aminiyar Umma ce, Mai Kanti, wadda shagonta ke bakin layi, da 'yar talabijin a saman firij ɗin lemo. Ɗayar kuma yayar mijin Amarya ce, ma'aikaciyar jinya, kowa na ce mata Anti Nas. Amarya tana kicin tana haɗa shayi, tana jin su.

"Malama, kina bin shirinmu kuwa?" in ji Mai Kanti. "Ni direban nan, in na kama shi, da muciya zan fara."

"Wane direban? Bawan Allah mai kunya? Me ya yi miki?"

"Mai kunya? Wanda ya zare wasiƙar likita daga jakar yarinya ya jefa a kwata, ran da ake ruwa?"

"Ran da ake ruwa lema ya riƙe mata. Har kafaɗarsa ta jiƙe."

Mai Kanti ta ƙyalƙyale. "Wace lema? Malama, ko wata tashar kike kamawa? Babu lema a shirin nan tun da aka fara shi."

"To furen da ya sa mata a littafi fa?"

"Fure? Ɗan kunnenta ya sace ya sa a jakar mai aiki, aka kori yarinyar mutane!"

"Shuɗin gyalen fa? Wanda ya ninke ya sa a aljihu?"

Dariyar Mai Kanti ta fara raguwa. Anti Nas, wadda ita ma take kallon shirin a ɗakin hutun ma'aikata, ta ajiye wayarta.

"Umma," ta ce a hankali, "ba a yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba."

"Ke kuma ki yi min shiru, yaushe kika fara kallo? Ni ina da shaida." Umma ta ɗaga murya. "Amarya! Zo ki faɗa musu."

Amarya ta fito da tire a hannu. Mai Kanti ta zuba mata ido. Anti Nas ta zuba mata ido, irin kallon da take yi wa mara lafiyar da ya ƙi shan magani. Umma ta juyo da fuska wajen da take jin motsinta, tana murmushi, ta tabbata.

"Faɗa musu, 'yata. Lemar nan."

Kalma biyu ce za ta fitar da Umma: ni ce. Amma Amarya ta ga kamar falon ya cika da mutane.

"Ni… ban lura ba, Umma," ta ce.

Ta ajiye tiren ta koma kicin. Ba ta ga fuskar Umma ba, amma ta ji shirun da ya biyo baya. Ba ta taɓa jin falon nan ya yi irinsa ba.

Da yake Asabar ce maigidan ya dawo cin abincin rana, Anti Nas ta ja shi soro. Amarya tana shanya a tsakar gida, igiya ɗaya ce tsakaninsu da ita.

"Mantuwa ba ta ba ni tsoro," in ji Anti. "Kowa na mantuwa. Amma Umma tana tuna abin da bai faru ba, dalla-dalla, har da launi. Ina ganin irinsu a wurin aiki. Haka yake farawa."

"Haba Yaya, a kan fim?"

"Yau fim ne. Gobe ta ce ta sha magani alhali ba ta sha ba. Ko ta sha sau biyu. Mai sukari ce fa."

Ranar Anti ta tafi da gwangwanin maganin Umma. Ta dawo da wani akwatin roba mai rami bakwai, ta damƙa wa Amarya. "Daga yau ke za ki riƙa ba ta a hannu, ki ga ta haɗiye." Ta kuma ce ƙarshen wata za ta zo ta ɗauki Umma ta koma gidanta, inda za ta sa mata ido, a kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa.

Umma ta yi faɗa kwana biyu. Ta ce ita ta koya musu ƙirga ɗaya zuwa goma, yau su za su ƙirga mata ƙwaya. A rana ta uku ta daina faɗan. Wannan ya fi faɗan ciwo.

Amarya ta kai mata maganin safe, ta tarar da ita zaune a bakin gado, leɓenta na motsi. Ta tsaya a bakin ƙofa. Sunaye Umma take jerowa, ɗaya bayan ɗaya, tana lanƙwasa yatsa. Rajistar ajinta ce ta shekarar da ta fara koyarwa. Ta kai na goma sha bakwai ta tsaya. Ta koma farko. Ta sake tsayawa a nan. Sai ta dafe kai da hannu biyu.

Abin da ko mai shekara talatin zai iya mantawa. Amma yanzu kowane tuntuɓe shaida ne a kanta.

Ta fara tambayar abin da ba ta taɓa tambaya ba. "Yau Laraba ce ko?" "Na yi sallar azahar kuwa?" In an ce ta yi, sai ta ce, "To," kamar yaron da aka ba sakamakon jarrabawa.

Ƙarfe huɗu da rabi Amarya ta kunna talabijin. Umma ta ɗaga hannu.

"Kashe. Ba na son in ƙara ganin abin da babu."

Amarya ta kashe. Ta koma ta zauna. Can Umma ta lalubo kan Amarya ta dafa.

"Amarya, ba zan yi fushi ba. Ki faɗa min tsakaninki da Allah. Lemar nan, ba ke kika faɗa min ba? Ina jin muryarki a kunnena kina faɗa. Ko muryar ma ni na ƙirƙira?"

Hawaye ya cika idon Amarya. Ta buɗe baki. Sai ta tuno kallon Anti Nas, ta tuno maigidan da ya ce mata ran da aka kawo ta, "Uwata amana ce a hannunki." Me zai ce? Dangi za su ji. Za a ce a kan wasan waya ta mayar da tsohuwa mahaukaciya.

"Umma, tukunya tana kan wuta," ta ce. Ta tashi da gudu.

Babu komai a kan wutar. Ta tsaya a kicin ta toshe baki da gefen zani.

Ta ɗauko wayar, don hannu ya saba. Saurayin yana nan da murmushinsa, ga amsa uku suna jira. A gem ɗin, in kika zaɓi amsar da ta ɓata labari, akwai wata 'yar kibiya a gefe. Ki taɓa ta, a mayar da ke farkon babi, kamar ba ki taɓa faɗa ba. Amarya ta daɗe tana kallon kibiyar nan. Sannan ta kife wayar a kan buhun shinkafa.

Kwana goma sha ɗaya ta yi a haka. Abinci ba ya wuce mata. Maigidan ya ce, "Kin rame. Ko damuwar Umma ce?" Ta gyaɗa kai. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, ba kowace suruka ke damuwa haka ba." Da zaginta ya yi, da ya fi mata sauƙi.

Ranar tafiya ta zo. Da hantsi motar Anti Nas ta tsaya a ƙofar gida. An haɗa akwati biyu da dardumar salla da rediyo. Maigidan bai fita aiki ba. Yana tsaye a falo yana jujjuya hula a hannu.

Umma ta fito tana dafa bango. Ta san kowane tsagi na bangon nan, mijinta marigayi ne ya gina shi. A gidan Anti kuwa bene ne, ba ta san inda ƙofa take ba balle banɗaki.

Ta zauna a kujerarta. Ta kwance haɓar zani a hankali, ta ciro makullan.

"Amarya, zo."

Amarya ta durƙusa a gabanta.

"Riƙe. Wannan na sito, wannan na ƙofar baya, sai kin ɗaga ta kaɗan take buɗuwa. Gara in ba ki tun ina gane su." Ta damƙe hannun Amarya a cikin nata. "Kin yi haƙuri da ni. Ranar nan na kira ki shaida a gaban mutane a kan abin da babu, na sa ki a tsaka mai wuya. Ki yafe min, 'yata."

A nan abin ya tsinke.

"Akwai lema!" Amarya ta faɗa da ƙarfin da ba a taɓa jin ta da shi ba. "Umma, akwai lema! Ni na faɗa miki. Furen ma ni ce. Gyalen ma ni ce. Ba ki ƙirƙiri komai ba, wallahi ƙalau kike!"

"Me kike cewa?" in ji Anti Nas.

Amarya ta ruga ɗaki ta ɗauko wayar. Ta buɗe gem ɗin. Yana ajiye hoton kowane babi da aka wuce, a jere. Ta miƙa wa Anti.

Anti ta duba. Ga saurayi riƙe da lema a kan wata yarinya, kafaɗarsa a jiƙe. Ta ja yatsa. Ga busasshen fure a tsakiyar littafi. Ta sake ja. Ga shuɗin gyale, an ninke shi, yana leƙowa daga aljihun ƙirji.

"Ba na kallon shirin," in ji Amarya, kanta a ƙasa. "Wannan nake yi. In Umma ta tambaye ni, sai in faɗa mata abin da ke nan."

"Kina tsaye da tire a hannu kika ce ba ki lura ba!" Muryar Anti ta cika gidan. "Kina gani na karɓe mata magani! Kina gani muna haɗa akwati! Ke wace irin…"

"Ya isa," in ji Umma. "Ba ni wayar."

Aka sa mata a hannu. Ta kai ta dab da ido, ta karkata ta wajen taga. Haske kawai take gani.

"Ke Nas, ke ba kya min ƙarya. Faɗa min. Lemar wane launi ce?"

"Ja ce, Umma."

"Wace kafaɗa ce ta jiƙe?"

Anti ta duba. Muryarta ta sauka. "Ta hagu."

"Ta hagu," in ji Umma. "Haka ta ce min. Ta hagu." Ta ɗora wayar a cinya, ta ɗaga hannu biyu sama. "Alhamdu lillahi. Ashe kaina yana nan."

Sai ta fashe da kuka. Tun rasuwar mahaifinsu ba su ga hawayenta ba. Maigidan ya juya ya fuskanci bango. Anti ta durƙusa ta riƙe ƙafarta tana cewa, "Ni ma ki yafe min, na yi gaggawa."

Da ta natsu, ta share fuska, ta juyo wajen da take jin shessheƙar Amarya.

"Lemar ba ta dame ni ba. Yarinta ce, shirin ya gundure ki, kin ji kunyar faɗa. Da kin ce min 'Umma, ba na sonsa', da na yi miki tsiya na ƙyale ki. Amma sau biyu na miƙo miki hannu. Kwana goma sha ɗaya ina tsoron kaina, kina kawo min ƙwaya a tafin hannu. Kin san mene ne mutum ya ji tsoron kansa? Ba inda zai gudu."

Amarya ta sunkuyar da kai. Nan babu amsa uku da za ta zaɓa, kamar a gem.

"Ba ni makullaina."

Ta miƙa. Umma ta ɗaure su a haɓar zani, ta ja ƙullin sau biyu.

"A mayar min da akwatina ɗaki. A dawo min da gwangwanin maganina. Ke kuma ki ɗauki mayafinki ki tafi kanti. A bakin Mai Kanti zancen ya fita, layin nan kowa ya ji Malama ta ruɗe. Ki je ki gyara shi da bakinki."

Amarya ta tafi. Mutum huɗu ta tarar a shagon suna sayayya. Ita da ba ta iya tambayar farashin sabulu sai ta yi ƙasa da murya, ta tsaya a gabansu ta faɗi komai. Mai Kanti ta riƙe haɓa ta ce, "Ke 'yar nan! Shiru-shiru ashe da tashar talabijin a cikinki." Aka yi dariya. Amarya ta tsaya har aka gama, ba ta gudu ba.

Maigidan bai yi mata faɗa ba. Abu ɗaya ya ce, yana ɗaure igiyar takalmi washegari: "Na yabe ki a kan ramar nan, kika karɓa." Ya ɗauki jaka ya fita. An yi kwanaki kafin hira ta dawo tsakaninsu.

Umma ta koma kallon shirinta, amma da Mai Kanti, wadda take barin shago a hannun 'yarta ta zo. In ƙarfe huɗu da rabi ta yi, Amarya sai ta shige kicin ta nemi abin wankewa.

Ana nan har mako uku. Wata Litinin Umma ta ƙwala kira.

"Amarya! Zo ki zauna. Matar nan ta ishe ni. Kafin a buɗe ƙofa ta gaya min wanda zai shigo, ga zagin 'yan fim har kakanninsu. Ina wayar?"

"Tana ɗaki, Umma."

"To zauna."

Ta zauna a inda ta saba. Kiɗa ya ɗauka. Ta kafa ido a talabijin, ko ƙiftawa ba ta son yi.

"Direba ya shiga ɗakin attajirin. Yana buɗe durowa. Ya ɗauki wata takarda mai hatimi."

"Munafuki," in ji Umma. "Ni da na so shi kamar ɗan cikina." Can ta ce, "Wancan fa? Na wayar, mai lema. Ya aure ta?"

"Ban sani ba, Umma. Na goge shi ban ƙarasa ba."

"Kash. Shi ya fi wannan tarbiyya, ko da fenti ne."

Amarya ta yi dariya, hawaye na biyo dariyar. Ta share da sauri don kar wani abu ya wuce ta.

"Ya ninke takardar. Ya sa a aljihun wando."

Umma ta ɗan karkato kai wajenta.

"Kin tabbata?"

Shekara biyu da rabi, Umma ba ta taɓa yi mata wannan tambayar ba. Yanzu kuwa kusan kullum sai ta yi, a hankali, ba da faɗa ba, wani lokacin ma ba ta san ta yi ba. Kuma duk ranar da ta yi, sai Amarya ta sake kallon talabijin da kyau kafin ta amsa.

"Na tabbata, Umma. Aljihun dama."

Darasi: Kallo da wasan waya ba su ne laifi ba, kowa da abin da ke sanyaya masa rai. Amma in wani ya mayar da ke idonsa, ko kunnensa, ko shaidarsa, kar ki ba shi abin da ba ki gani ba. In kuma kin yi kuskure, ki faɗa tun yana ƙarami. Kunyar da za ta sa ki yi shiru wani yana shan wuya a kan laifinki ba kunya ba ce, tsoro ne. Za a iya yafe miki, amma yarda ba ta da kibiyar komawa farko. 'Yan uwa, ku tura wa duk wanda ke kula da tsoho ko mara lafiya a gida, wataƙila akwai mai riƙe da wata gaskiya da ya kamata ta fito yau.